Shagon da nake kai baƙina sayen waya a Ikeja

Duk baƙon da ya sauka wurina a Agege yana neman waya, shago ɗaya nake kai shi a Computer Village (kasuwar waya da kwamfuta da ke Ikeja, Legas), na wani Alhaji Bakatsine da ke saman bene a layin Otigba. Ba shi ne mafi araha ba, kuma shagon matsattse ne, ga zafi in an ɗauke wuta.

Abin da ya sa nake komawa shi ne yadda yake ciniki. A gabanka zai farke kwalin, ya ce ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, da wadda ke jikin kwali, sannan ya rubuta ta a rasit. Wayar da ka duba ba ta barin hannunka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwar nan, domin samarin da ke tare mutane tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja sukan nuna maka waya mai kyau da rabin kuɗi, su karɓa wai za su naɗe maka, ka isa masauki ka tarar da sabulu. Baƙo mai doguwar riga da hula kuwa tun daga nesa suke gane shi.

Ranar da na kai ƙanin matata, Alhajin har yaronsa ya haɗa mu da shi zuwa tasha, ya ce: "Malam, kada ku shiga motar da ta tsaya muku a bakin titi, 'yan wan-cans ne ke yin haka." Wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi.

Sai dai ba ya ragi ko na sisi, kuma ranar Juma'a ƙarfe ɗaya ya rufe.