Keke, hular kwano da sanda: abin da mai jinyar karaya zai duba kafin ya koma Kufena

Gangaren da ya kayar da ni bai ma kai a kira shi gangare ba. Wata 'yar burtali ce a gindin Dutsen Kufena, ta wajen Wusasa a Zariya, wadda na bi ya fi a ƙirga. Ruwan Agusta ya zaizaye ta ya bar rami, tayar gaba ta afka, na tashi ta saman keken na dira da hannun dama. Wuyan hannu ya karye, gwiwar dama ta yi targaɗe. Mako shida hannun yana cikin siminti, da aka cire kuwa ya fito siriri kamar na aro, fata duk ta yi saɓa, ko murfin robar ruwa na kasa murɗewa.

A nan na gane cewa haɗewar ƙashi daban, dawowar ƙarfi daban. Ƙashin wuyan hannu yakan kama cikin mako shida zuwa takwas, amma damƙa da juyin hannu sai a yi watanni ana gashin ƙashi kafin su dawo, keke kuwa da damƙa ake tuƙa shi. Saboda haka maganar da zan yi kan sayen kayan komawa hawa ta wanda likita ya sake yi wa hoto ce, ya ce ƙashi ya kama, mai gashin ƙashi kuma ya amince ya fara ɗora nauyi. Wanda aka yi wa ɗorin gida ma ya daure ya je a ɗauki hoton. Asibitin koyarwa na Shika yana nan kusa, na ƙashi na Dala da ke Kano ma ba wani nisa ba ne.

Abu na farko da za a saya shi ne wanda mutane suka fi yi wa rowa, wato hular kwano. Tawa daga waje lafiya lau take, sai da na kifa ta na ga tsaga ta ratsa farin soson ciki. Soson nan mai tauri aikinsa ke nan, ya murƙushe ya shanye bugun maimakon kai, kuma in ya murƙushe sau ɗaya ba ya komawa. Hular da ta taɓa shan ƙasa ta gama aikinta. Wannan dalilin ne ya sa ta gwanjo ba ta shiga lissafina: ba ka san abin da ya sa mai ita ya rabu da ita ba. Ta 'yan acaɓa kuwa, in ta kirki ce, tana da kariya, sai dai ta haura kilo guda alhali ta keke ba ta cika wuce giram 300 zuwa 400 ba, ga shi ba ta shan iska. A sa ta a hau tudu cikin zafin Maris, kafin a yi nisa an cire ta an rataya a kan keke. Sabuwa ta keke ita ce magana. A leƙa ciki a nemi tambarin EN 1078 na ƙasashen Turai ko CPSC na Amurka, sannan kada a tsaya ga tambari kawai tunda ana buga na jabu: a danna soson da babban yatsa, ya kasance da tauri, a ja igiyoyin a ga sun kafu. Irin ta hawan duwatsu ta fi saukowa ta rufe ƙeya. Akwai masu tambarin MIPS, wani siririn shafi da wani kamfanin Suwidin ya ƙirƙiro wanda ke ɗan zamewa don rage murɗawar kai lokacin faɗuwa. In aljihu ya kai, madalla, amma wadda ta zauna daram, yatsa biyu sama da gira, ta fi mai tsadar da ke rawa a kai.

Ƙafa tana riga taya dawowa, don haka takalmi da sanda ne na biyu. Kufena falalen dutse ne, kuma abin da ke riƙe mutum a kan falali roba ce mai taushi, ba manyan haƙora ba. Kambas na yau da kullum da ya sha kwalta ya siɗe, sulɓi zai yi. But ɗin ma'aikata mai ƙarfe a baki nauyi ne kawai ga gwiwar da ke jinya. Zaɓi na gaskiya tsakanin but ɗin hawa mai dogon wuya ne da takalmin gudun daji mara wuya. Wanda idon sawunsa ne ya samu matsala zai fi jin daɗin mai wuya. Ni da gwiwa ce, mara nauyin na ɗauka.

A layin 'yan gwanjo na kasuwar Sabon Gari ana dacewa da masu kyau, har da masu ɗan tambarin Vibram ruwan ɗorawa a tafi. Amma akwai tarko. But da yawa ana yin tsakiyar tafinsu da wani irin soso da ke ruɓewa in ya daɗe a ajiye, sama sabo fil, ƙasa gari. Wani abokin hawana ya taɓa saukowa daga dutse da tafin takalmi ɗaure da kyauron roba. A lanƙwasa takalmin sosai a gaban mai shi, a soka farce a gefen tafin. In ya yi burtsatsi ko ya dame, a ajiye masa abinsa, shumeka ba shi da maganin wannan. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sararin babban yatsa a gaba, domin a gangare ne yatsu ke dukan bakin takalmi, kuma a gangaren ne gwiwa ta fi shan wuya.

Sanda kuwa, ban raina gorar Fulani ba. Ba ta karyewa, ba ta da tsada, karnukan ƙauye ma suna ganin girmanta. Abin da ta alminiyam ta fi ta da shi, ana rage mata tsawo wajen hawa a ƙara wajen sauka. In za a sayi wannan, a nemi mai maƙalli da ake dannawa, a bar wadda ake murɗawa: murɗawar ce hannun da ya karye ba ya iyawa, ƙurar hunturu kuma tana shiga ta cije. A sa mata roba a baki don tsinin ƙarfe yana zamewa a kan dutse. Ana riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo, ni ke nan a hagu, kuma kada a zura hannun da ya taɓa karyewa cikin igiyarta, don in an zame a iya sakinta.

Sai uban tafiyar. Tunanina na farko in gyara tsohon keken, na tura shi wurin wani dattijo mai gyara a Samaru. Ya kife shi, bai ko kalli wilin da ya lanƙwashe ba, sai ya bi ƙasan wuyan keken da yatsa, ya tsaya inda fenti ya tattare.

"Malam, kawo hannunka ka ji."

Na shafa, na ji ɗan tudu kamar ƙurji.

"Baba, ba za a miƙar ba?"

"Da ƙarfe ne da na ce mu gwada, in ta kama a kai wa mai walda. Alminiyam ba ya yafiya. Yau ka miƙar da shi, gobe ya balle kana kai."

Duk wanda ya yi karo da tayar gaba ya duba wurin nan da ƙafafun cokalin gaba kafin ya kashe ko sisi kan gyara. Gwajin nan kuma shi za a yi wa kowane keken gwanjo.

Daga nan zaɓi uku ne. Akwai sababbin nan masu ƙyalli da shok gaba da baya, waɗanda ke cika shaguna. Ido yana son su, amma araha ba ta ado: nauyi kamar buhun masara, shok ɗin bayan sifirin ne kawai da ke wullo mutum sama, ƙarfin feda rabi a rawar keken yake ƙarewa, kafin shekara mahaɗarsa ta fara girgiɗi. Mai shok biyu na gaske yana nan, sai dai kuɗinsa na babur ne, gyaransa kuma sai an fita Zariya. Akwai tsohon amininmu irin su Phoenix da Hero, mara giya mara shok; a makonnin farko, a kan shimfiɗaɗɗen titin cikin Jami'ar Ahmadu Bello, zamansa a miƙe yana sauke nauyi daga hannu, kuma aro ya wadatar, ba sai an saya ba. Amma birkinsa ba na gangaren dutse ba ne. Na ukun shi ne na gwanjo daga kamfanonin da aka sani, irin su Giant, Trek ko Specialized, mai shok a gaba kaɗai. Shi na zaɓa, kuma shi zan sake zaɓa.

Cikin na gwanjon ma, ni birki nake fara kamawa kafin in ƙirga giya. Iri uku ne: mai robar da ke matse rim, mai faifai da waya, da mai faifai da mai. Na farkon kowane mai gyara ya san shi, robarsa tana ko'ina, amma yana son damƙa, kuma in rim ya jiƙe ko ya sha taɓo sai ya yi sanyi. Na biyun ya fi shi a damina, sai dai wayar tana cin ƙarfin hannu, musamman in ƙura ta shige ta. Na ukun da yatsa ɗaya ake tsayar da keke, sauran huɗun suna riƙe da kan. Ga lafiyayye wannan jin daɗi ne. Ga wanda damƙarsa ta ragu, shi ne bambancin tsayawa da wucewa. Matsalarsa gyara. Birkin Shimano man ma'adinai na musamman yake sha, kuma in bakanike ya ɗura masa man birkin mota, robobin ciki za su kumbura ya lalace. A sayi ƙaramar kwalbar man da takalman birki biyu a ajiye tun ranar farko.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kekunan da suka fito daga Ingila birkin gaba a dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuma a hagu. Gwanjo kuwa gauraye yake zuwa. Mutum ya saba da wani tsarin, ya razana ya cafki na gaba yana zaton na baya ne, sai a koma gidan jiya. A tsaye za a gwada, in bai yi daidai da sabo ba a sa a sauya.

Shok ɗin gaba a danna shi da nauyin jiki a saki. In ya dawo a natse, da sauransa. In ya yi tsalle da ƙara ko ya ƙi motsi, ko sandunansa sun yi tsatsa da ƙarzuwa, a rage kuɗinsa daga ciniki. Mai iska ya fi mai sifirin sauƙin nauyi kuma ana daidaita shi da nauyin mahayi, amma yana buƙatar famfonsa na daban. A gaskiya ma taya mai faɗin inci 2.2 zuwa 2.4 da ba a cika mata iska tam ba ta fi shok mai araha tausaya wa wuyan hannu. Masu faci sun saba cikawa har ta yi kamar dutse, sai an ce musu ya isa.

Girman wili ma abin lura ne. Mai inci 29 ya fi haye rami da tsakuwa cikin sauƙi, da shi ne a ƙarƙashina ran nan wataƙila da ban faɗi ba. Amma taya da tub na inci 26 ne ake samu a kusa. Na 29 da 27.5 sau da yawa sai an yi saƙo Kano ko Abuja. Ga tsidau a hanyoyin gona da ba ya barin taya ta huta. Ana iya cire tub a zuba ruwan da ke toshe huji da kansa, yana aiki, amma zafinmu yana busar da shi cikin 'yan watanni. A duba bawul kuma: mai kauri irin na babur kowane mai faci zai ba shi iska, siririn kuwa sai da 'yar mahaɗa a aljihu.

Ƙananan abubuwan da suka fi yi mini amfani ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Mariƙin hannu mai faɗi kamar tafi, wanda ke hana wuyan hannu lanƙwashewa. Ɗaga kan keken sama kaɗan da matso da shi kusa. Safar hannu mai ɗan soso. Takalmin hannun nan mai ƙarfe a ciki da ake ba mutum bayan cire siminti ba na tuƙi ba ne, yana hana damƙa. Na gwiwa kuwa, na roba mai matsewa ɗumi da kwanciyar hankali yake bayarwa, mai ƙarfe a gefe shi ke tare gocewa, kuma mai gashi ne zai ce wanne, ba mai kemis ba.

Kuɗin da na ware ban zuba duka a keke ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bar wa hula, takalmi da gyaran farko, don keken gwanjo bai taɓa zuwa ba tare da neman sabuwar kaca ko waya ba. Na yi mako uku ina zagaye cikin jami'a, sannan hanyar dam, sannan na hau Kufena da ƙafa da sanda bayan ruwa ya ɗauke dutse ya bushe. Ranar da na mai da keken can, uwargida ta biyo ni har zaure da hular a hannu, ta ce, "Maigida, in ka dawo da siminti wannan karon, kai za ka riƙa ba kanka tuwo." Ramin yana nan, ya ma ƙara faɗi. Na sauka, na tura keken ta gefen gonar dawa, na sake hawa a gaba.