Ajin Mayar da Littafi Fim a Jos: Abin da Kuɗina Suka Saya

Tallar da ta yi ta yawo a WhatsApp cewa ta yi za a koya wa mutum yadda ake mayar da littafi fim, a ba shi takardar shaida, sannan a haɗa shi da furodusoshi. A cikin alkawuran nan, na farko kaɗai zan ce an cika, shi ma da saura. Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Ajin na ranakun Asabar ne, a wani ɗaki saman bene wajejen Titin Bauchi, kuma wasu matasa ne suka shirya abinsu. Ba shi da alaƙa da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke nan Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979. Na faɗi haka ne don wasu sun biya suna zaton reshenta ne, masu tallar kuma ba su damu su warware musu ba.

Malamin ya san aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Tun zaman farko ya ce kowa ya zo da littafin da yake rantsuwa zai yi kyau a fim, da jan biro. Ya ce a buɗe babin farko, a ja layi ƙarƙashin abin da ido zai gani ko kunne zai ji kawai, komai dabam a bar shi. Wata baiwar Allah ta zo da irin littattafan nan na intanet da ake saki shafi-shafi a waya, ta buga shi a takarda ya yi tuli. Da ta gama, jan layinta bai cika rabin shafi ba. Sauran duk tunanin jaruma ne: ta tuna wancan, zuciyarta ta raya mata wannan, ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji. Malamin ya duba ya ce, “Hajiya, labarinki na da daɗi, amma kyamara ba ta shiga zuciya. Me yarinyar take yi da hannunta lokacin da take wannan tunanin?” Aka yi dariya, har da ita. Amma daga ranar kowa ya koma karanta littafinsa da wani ido dabam.

Ya kuma ba mu lissafin da marubuta fim ke aiki da shi: shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim ɗin da aka saba gani yana tsakanin shafi 90 zuwa 120. Ke nan mai ɗauke da littafi mai juzu'i uku dole ya yi yanka, ya haɗe ƙawaye uku su zama ɗaya, ya kashe ƙanin uban da ba ya tsinana komai a labarin. Idan ba zai iya ba, to abinsa fim mai dogon zango ne, ya daina wahalar da kansa. Wannan darasin kaɗai ya isa kuɗin da na biya.

Inda muka raba gari da shi shi ne misalai. Kusan duk na Amurka ne, sai ɗan abin da ya tsakuro daga Indiya. A ce ana koyar da Hausawa mayar da littafi fim, amma ba a ambaci Shehu Umar ba sai da wani dattijo a cikinmu ya tayar da maganar! Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, daga cikin waɗanda gasar rubutu ta 1933 ta haifar a Zariya, kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim tun 1976. Da malamin ya sa mu gwada jan bironsa a kan littafin, da ya ga kusan kowane shafi ya yi ja: an sace yaro, ayari ya keta Sahara, uwa ta bar gida tana neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Babu inda ake bukatar murya daga bayan fage ta zo tana bayanin baƙin cikinta. Ana ganinsa a tafiyarta.

Ni na yi gwajin a gida da sauran littattafan wancan zubin, kuma abin da na gani ya ba ni mamaki. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, a ganina, shi ya fi kowanne dacewa da fim ɗin zama ɗaya. Gajere ne, mutanensa kaɗan ne, kuma zarensa ɗaya: mai kuɗi ya aure budurwar wani, wanda aka ƙwace wa ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa, asirin kuma ya ci, ya ci har da waɗanda ba a nufa ba. Ba ya bukatar dawaki ɗari ko fadar sarki. Daji, kasuwa, zaure, shi ke nan. Duwatsun Shere da ke bayanmu sun ishi darakta mai hankali ya ɗauki tafiyar neman asirin. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa kada kowa ya matse shi cikin awa biyu, zai shaƙe. Kowace haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe kashi guda ce mai zaman kanta, wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Tun kafin a san YouTube an riga an yanka shi kashi-kashi. Ganɗoki na Bello Kagara shi ne mai cin kuɗi. Ɓangaren yaƙi da Turawa zai yi armashi, amma da an shiga ƙasashen aljannu, in babu kuɗin aikin kwamfuta na gaske, abin tsoro zai koma abin dariya, kuma mun sha ganin haka.

Ba wai masu fim ɗinmu ba su taɓa bin wannan hanya ba. A shekarun 1990 marubutan Kano da kansu suka riƙa mayar da littattafansu bidiyo, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino na cikin waɗanda aka fi sani. Ajin bai taɓo wannan tarihin ba ko da da jimla ɗaya.

A makon da aka ce kowa ya kawo labarin da ba daga littafi ba, yawanci soyayya aka kawo, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Ba laifi ba ne, ita ke sayuwa. Amma ina zaune ina tunanin muna cikin garin da kuza ta gina, kowa na wuce tafkunan da haƙa ta bari a Rayfield da Bukuru, ba wanda ya ga fim a ciki. Tsakanin 1942 da 1944, da Japan ta ƙwace Malaya (wani ɓangare na Malesiya ta yanzu) Turawan Ingila suka rasa kuzar can, sai aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a filayen kuza, abin da iyayenmu ke kira ɗiban gwamna. Mutumin Sakkwato ko Katsina da bai taɓa sanin sanyin Filato ba, a ajiye shi a bukkar barikin leburori da 'yar riga ɗaya. Da yawa ba su koma gida ba. A ɗauki mutum ɗaya a cikinsu, manomin da mai unguwa ya rubuta sunansa saboda wata tsohuwar gaba, a bi shi daga gonarsa har bakin rami. Ga kwanon kuza a ka, ga helima na ihu, ga ƙaramin jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos kafin a rufe layin a 1957. Duk abin gani ne. Na faɗa a aji, malamin ya gyaɗa kai ya ce kayan sawa na wancan zamanin za su ci kuɗi. Gaskiyarsa, amma ai koyon rubutu muka zo, ba kasafin kuɗi ba.

Babban giɓin da na gani shi ne haƙƙin mallaka. Mako bayan mako ana cewa ɗauki littafin wani ka juya, ba a taɓa cewa sai ka nemi izini ba. A dokar Nijeriya haƙƙin littafi na nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, Tafawa Ɓalewa a 1966, ke nan duk wanda ke mafarkin waɗannan littattafai sai ya bi ta wajen magada ko mawallafa. Marubutan intanet kuma, waɗanda suka fi yawa a ajin, su ne ke kukan an ɗauki labarinsu ba a tambaye su ba. Zama ɗaya a kan yadda ake rubuta yarjejeniya da ya fi musu takardar shaidar amfani.

Sauran abubuwan kuwa na kullum ne. Ba a fara a kan lokaci, janareta na ƙarƙashin taga yana gasa da muryar malam, takardun darasin da aka yi alkawari sai hotonsu aka turo a waya, wasu shafukan ma a karkace. Haɗawa da furodusoshi ta ƙare a kan wani bawan Allah da ya leƙo ranar rufewa, ya yi jawabi, aka ɗauki hoto, ya tafi.

Wanda ke rubuta labari yana son ya gane me ya sa masu fim ke cewa nasa ba zai ɗauku ba, ya je, zai ƙaru. Wanda ke fatan fita da aiki a hannu ya riƙe kuɗinsa. In kuma masu shiryawa za su sake buɗe wani zagaye, su nemo wanda ya karanta adabin Hausa ya zauna kusa da malamin nan, su kuma matsar da janaretan bayan gini.