Sharhi: Teburin poka na ƙaramin zubi a gidan caca, inda sababbin shiga suka fi yawa

Teburin da nake magana a kai shi ne mafi ƙanƙanta da ake samu a ɗakin poka na gidajen caca, wato Texas Hold'em marar iyakar zubi, wasan kati da ake ba kowa katuna biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa. Teburin ana kiransa 1/2: ƙaramin zubin dole 1, babban zubin dole 2, wato kuɗin da mutum biyu ke sawa tilas kafin a raba kati. Mutum tara ko goma ke zagaye shi, mai rabo ma'aikacin gidan ne, kuma yawanci ana zama da kuɗin da ya kai babban zubin dole sau 100, wato 200. Bayan zama mai yawa a irinsa, ra'ayina shi ne wuri ne mai kyau na koyon wasan, amma duk wanda ya ɗauke shi hanyar samu ya yaudari kansa. Caca ce, kuɗin da aka ɗora a tebur yana iya tafiya gaba ɗaya a hannu guda, wato zagaye ɗaya na wasan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kason gida. A poka ba da gidan kake karawa ba, da sauran 'yan wasa ne, don haka gidan yana cire la'adarsa daga kowane tarin kuɗi da ke tsakiyar tebur. A wurare da dama kashi 10 cikin 100 ne har zuwa wata iyaka. A ce iyakar 5 ce: tarin 50 zai biya 5, tarin 300 ma 5 zai biya. Ka ga ke nan ƙananan taruka, waɗanda su suka cika wannan tebur, su suka fi shan yanka. Ana raba hannu 25 zuwa 30 a awa ɗaya. Idan aka cire 4 a kowane hannu sau 30, 120 ke nan sun bar tebur a awa. Mutum tara masu 200-200 sun zo da 1,800, cikin awa biyar kashi ɗaya bisa uku na wannan kuɗi ya shige akwatin gida, ban da tukwicin mai rabo a inda aka saba bayarwa. Kafin ka zauna, tambayi kason nawa ne, iyakarsa nawa, kuma ko ana cira idan hannu ya ƙare ba a buɗe katunan tsakiya ba. Gidaje da yawa ba sa cira a irin wannan hali.

Sababbin shiga kuwa halinsu kusan ɗaya ne ko'ina. Suna shiga hannu fiye da kima, suna biyan 2 kawai don su ga katuna ukun farko, ba sa son ajiye kati su fita daga hannun, kuma da wuya su ƙara zubi. Daga wannan hali dabarar gaba ɗaya ta fito.

Burga ba ta cin kasuwa a nan. Burga tana aiki ne a kan wanda ya san ya kamata ya ji tsoro, shi kuwa sabon shiga mai riƙe da tagwayen 7 zai bi ka har kati na biyar don kawai ya ga abin da ke hannunka. Riba tana cikin zuba kuɗi idan hannunka ya yi ƙarfi, a zuba da kauri, a sake zubawa. Idan kana da A da K, aka buɗe K a tsakiya, zuba kashi biyu bisa uku na tarin ko fiye, domin mai K da 9 zai biya, mai jiran kati ma zai biya. Kuskuren da masu ɗan sani suka fi yi shi ne lallaɓa babban hannu wai don kada su kori kowa. Ba wanda zai gudu. Abin da lallaɓawar ke haifarwa shi ne ba wa mutum huɗu damar ganin kati kyauta, ɗayansu ya haɗa abin da zai kayar da kai.

Lissafin a bayyane yake. Mai katuna huɗu iri ɗaya, a ce duk zuciya, yana jiran na biyar, katuna 9 ne za su cece shi. Idan saura kati biyu a buɗe, damarsa kusan kashi 35 ce, idan saura ɗaya kusan 20. Mai jiran jeri, wato katuna biyar masu bin juna, ta gefe biyu (kamar mai 5-6-7-8 da ke jiran 4 ko 9) yana da katuna 8, kusan kashi 31 da kuma 17. Hanya mai sauƙi: ninka adadin katunan ceto sau 4 idan saura biyu, sau 2 idan saura ɗaya. To a ce tarin 30 ne, saura kati ɗaya. Ka zuba 10, mai jiran zuciyar zai biya 10 don ya ci 40, kashi 20 kawai yake bukata, bai yi asara ba. Ka zuba 20, sai ya bukaci kusan kashi 29, kuma ba shi da su. Zai biya duk da haka, kuma wannan giɓin shi ne abincinka. Sau ɗaya cikin biyar katinsa zai zo, ya kwashe tarin. Wannan ba alamar ka yi kuskure ba ce.

Haka ma kafin a buɗe katunan tsakiya. Ƙarin ninki biyu da rabi ko uku da aka saba a intanet ba ya korar kowa a nan. Fara da ninki huɗu ko biyar na babban zubin dole, 8 zuwa 10, ka ƙara 2 a kan kowane mutum da ya riga ya shigo. Tagwayen A, da ke zuwa sau ɗaya cikin hannu 221, suna cin abokin karawa ɗaya kusan kashi 85, amma da mutum huɗu suka biyo ka sai damar ta sauko ƙasa da kashi 60. Ƙananan tagwaye kamar 4-4 ana shiga da su da araha ne don neman na uku, wanda ke fitowa a katuna ukun farko kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi. Bai fito ba, ajiye.

Ga wani abu da ya fi kowanne ceton kuɗi: idan mutumin da ya yi awa biyu yana bi kawai ya ɗaga zubi a kati na huɗu ko na biyar, yarda da shi. Tagwaye ɗaya ba su isa ba, ko da na A ne. Irin wannan mutum ba ya burga da babban kuɗi.

Wurin zama ma yana da tasiri. Wanda ke magana a ƙarshe bayan an buɗe katunan tsakiya, mai maɓallin rabo a gabansa (alamar da ke zagaya tebur hannu bayan hannu), ya ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara, don haka yana iya shiga da hannuwa masu yawa. Na farkon magana ya tsaya ga manya kawai. Wanda ya bi wannan zai ajiye hannu huɗu cikin biyar, kuma gundurar da ke biyo baya ita ke tura mutane shiga da tarkace.

Dokokin tebur suna kama baƙi tun ranar farko. Abin da ka furta shi ne hukunci, ba a janyewa. Idan ka jefa cif (kwabon da ke wakiltar kuɗi a tebur) babba guda ɗaya ba ka ce ƙari ba, an ɗauka biya kawai ka yi. Ba a zuba kuɗi kashi-kashi, a tura wasu a koma a ɗebo wasu, sai dai a faɗi adadin tukuna ko a tura gaba ɗaya. Kuɗin da ke kan tebur kaɗai ke wasa, ba a shiga aljihu a tsakiyar hannu. Ɗora cif a kan katunanka, domin idan mai rabo ya kwashe su cikin kuskure yawanci sun mutu ke nan. A ƙarshen hannu kuma buɗe duka biyun a fili, ka bar mai rabo ya karanta. Mutane suna jefar da hannun da ya ci saboda ba su lura sun haɗa jeri ba.

Masu rabo a wannan tebur galibi suna da haƙuri da mai tambaya, kuma wannan na cikin abin yabawa. Abin da ban so shi ne ɗabi'ar wasu tsofaffin hannu masu yi wa sabo faɗa idan ya ci su da kati marar kyau. Rashin kunya ne, rashin wayo ne kuma, tunda korar wanda ke biyanka kake yi. Saurin wasan ma yana gajiyarwa: hannu 150 a zaman awa biyar ba sa nuna wa kowa ko ya iya ko sa'a ce ta ɗauke shi, kuma gwani yana iya jera zama da yawa yana asara. Saboda haka a yanke adadi tun daga gida, sayen zama biyu ya isa, 400 ke nan a teburin 1/2, daga kuɗin da rasa shi ba zai taɓa abinci ko haya ba. A bar katin banki a gida, domin na'urar cire kuɗi tana nan kusa da ƙofar ɗakin.