Sharhi kan The Office: Ma'aikatan da ke Kujerun Baya

Shirin The Office na Amurka, wanda gidan talabijin na NBC ya nuna daga shekarar 2005 zuwa 2013, zango tara ne mai kashi 201, kuma mafi yawansa a cikin ofis ɗaya ake yin sa, wato reshen wani kamfanin sayar da takarda mai suna Dunder Mifflin da ke garin Scranton a jihar Pensilbaniya. Greg Daniels ne ya gina shi a kan wani shiri mai wannan suna da Ricky Gervais da Stephen Merchant suka fara yi wa BBC a Ingila a 2001. Na kalle shi daga farko har ƙarshe a kwamfuta a nan Maradi, da fassarar Faransanci a rubuce a ƙasan hoto, kuma a kan mutanen cikinsa zan tsaya, domin labarin kansa bai da yawa: ana zuwa aiki da safe, ana amsa waya, ana shiga taron da ba ya haifar da komai, ana tashi da yamma.

An tsara shirin ne tamkar wasu masu ɗaukar hoto sun zo suna naɗar rayuwar ma'aikatan yadda take, saboda haka babu dariyar ƴan kallo da ake sakawa a baya, kuma kowane ma'aikaci yakan zauna shi kaɗai gaban na'ura ya faɗi abin da ya kasa faɗa a gaban jama'a. Wannan dabara ce ta ba ƙananan ƴan wasa damarsu, domin sau da yawa manaja na tsaye yana zuba, amma na'urar sai ta juya ta kamo fuskar wani a can baya, kuma a wannan fuskar dariyar take.

Manajan shi ne Michael Scott, wanda Steve Carell ya fito a matsayinsa. Mutum ne da ya gwanance wajen sayar da kaya, aka ƙara masa girma zuwa kujerar da ta fi ƙarfinsa, kuma babban ciwonsa shi ne yana so waɗanda ke ƙarƙashinsa su ɗauke shi a matsayin aboki, uba da mai ba da dariya a lokaci guda. Kofin shayin da ke kan teburinsa, mai rubutun da ke yabonsa a matsayin shugaban da babu kamarsa a duniya, shi da kansa ya saya. A zango na farko, mai kashi shida kacal, an yi shi da taurin zuciya har kallonsa yana gundura, amma daga zango na biyu marubutan suka sassauta shi, suka bari a ga kaɗaicin da ke ƙarƙashin shirmensa. Akwai kashin da Pam, mai karɓar baƙi da amsa waya, ta baje zane-zanenta a wani wurin nuni, abokan aikinta suka ƙi zuwa, kaɗan da suka leƙa kuma ba su ƙarfafa mata gwiwa ba. Can da dare Michael ya shigo a makare, ya tsaya gaban zanen ginin ofishinsu yana nuna tagarsa da motarsa, sannan ya tambayi kuɗinsa ya saya. Mutumin da ya yi wannan shi ne kuma ya yi wa ƴan firamare alkawarin biya musu kuɗin jami'a, shekara goma ta cika, ya je musu da batiran kwamfuta a madadin kuɗin.

Dwight Schrute, wanda Rainn Wilson ya taka, shi ne ɗan kanzagin manaja, mai son mulki da bin doka fiye da kima, yana da gonar beterab, wata jar saiwa da ake ci, da yake nomawa tare da wani ɗan'uwansa mai suna Mose. Jim Halpert, wato John Krasinski, yana zaune kusa da shi, kuma rabin lokacin aikinsa a kan shirya masa tsiya yake ƙarewa. Da farko na ɗauki abin nasu kamar wasan taubasai, amma wasan taubashi da yardar ɓangare biyu ake yin sa, shi kuwa Dwight ba a taɓa neman yardarsa ba, kuma idan mutum ya lura zai ga cewa Jim, wanda aka tsara don mai kallo ya so shi, malalaci ne da ke fakewa da iya magana. Soyayyarsa da Pam, wadda Jenna Fischer ta taka, ta ja hankali har zuwa aurensu a zango na shida, daga nan kuma ba a san abin da za a yi da su ba.

Inda shirin ya fi ƙarfi a wurina shi ne teburan baya. Aikin lissafin kuɗi nake yi a wani kamfanin ƴan kasuwa, don haka kusurwar masu lissafi na fi sa wa ido, inda mutum uku suke zaune: Angela mai tsanani da ɗaure fuska, wadda ta fi tausayin kyanwoyinta a kan ƴan Adam, Oscar mai ilimi, wanda ba ya iya barin kuskuren kowa ya wuce bai gyara ba, da Kevin, ƙato mai sanyin magana da son ci. Akwai wani ɗan gajeren yanki a farkon wani kashi na zango na biyar da ba ya kai minti biyu: ana jin muryar Kevin yana bayanin yadda ya kwana yana dafa miyar wake da nama da yake alfahari da ita, a hoto kuma ana ganinsa ya shigo ofis da sassafe rungume da ƙatuwar tukunya, ta suɓuce ta kife a kan shimfiɗar ƙasa, ya durƙusa yana kwashewa da allon rubutu da takardun aiki, yana zamewa a ciki, muryar tasa kuwa ba ta fasa bayanin albasa da tumatir ba. Babu wanda ya gan shi, babu wanda ya ce uffan. Wannan yanki ya gaya mini wane ne Kevin fiye da duk doguwar magana.

Sai Stanley Hudson, wanda Leslie David Baker ya taka, dattijon da ke jiran ranar ajiye aiki. A kowane taro yana zaune da wasan cike kalmomi a cinya, ba ya ɗaga kai sai an kira sunansa, idan ya ɗaga kuma kallon da zai yi ya isa amsa. Rana ɗaya ce a shekara ake ganin haƙoransa, ranar da ake raba wani irin burodi kyauta a ƙasan ginin. Duk wanda ya yi aikin albashi, ko a ma'aikatar gwamnati ko a wurin wani Alhaji, ya san irinsa. Bambancin kawai shi ne namu na nan zai gaida shugaba har da rusunawa, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya koma kujerarsa ya ci gaba da rashin kulawar, shi kuwa Stanley bai ɗora wa kansa wannan wahalar ba.

Toby, jami'in kula da ma'aikata, shi ne kaɗai Michael ya tsana tsakani da Allah, ba don ya yi masa wani laifi ba sai don aikinsa ne ya hana shi shirme. Paul Lieberstein da ya taka shi yana cikin marubutan shirin, haka ma Mindy Kaling mai fitowa a Kelly da B.J. Novak mai fitowa a Ryan, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ba a yi wa ƙananan ƴan wasan rowar magana mai daɗi ba. Phyllis Smith ma a sashen zaɓen ƴan wasa take aiki kafin a ba ta matsayin Phyllis. Creed Bratton, tsohon mawaƙi da ke fitowa da sunansa na gaskiya, wani lokaci jimla ɗaya yake furtawa a kashi guda, kuma ita za a fi tunawa. Darryl, shugaban masu lodi a sito, ya fi kowa hankali a ginin. A ranar da ya hau bene neman ƙarin albashi ne ya gano cewa abin da manajan ke karɓa da ƙyar ya ɗara nasa, sai ya koma koya wa manajan yadda ake neman ƙari.

Steve Carell ya bar shirin a 2011, kusa da ƙarshen zango na bakwai, inda aka nuna Michael ya bi Holly, matar da zai aura, zuwa Kolorado. A nan ne aka ga iyakar waɗannan mutane na baya, domin an gina su ne a matsayin masu haƙuri da wani, kuma da aka ɗauke wanda ake haƙurin da shi, sai aka rasa abin da fuskokinsu za su amsa. An ɗora Andy Bernard, wato Ed Helms, a kujerar manaja, an kawo James Spader a matsayin Robert California, amma babu wanda ya cike gurbin. Marubutan suka shiga ƙara wa kowa gishiri: Kevin da aka sani da sanyin kai aka mai da shi kamar ƙaramin yaro, har mutum ya fara tambayar yadda kamfani zai bar littafin kuɗinsa a hannunsa. Zango na takwas shi ne mafi rauni. Na tara ya ɗan farfaɗo, musamman da aka bai wa Dwight kujerar da ya daɗe yana hanƙoro, aka kuma rufe da aurensa da Angela a watan Mayun 2013.

Wanda zai nema ya sani cewa ba shirin kallo da iyaye ko yara ba ne, domin akwai barkwancin batsa, shan giya da al'adun da suka saɓa wa namu, kuma Michael yakan saki maganganu kan launin fata da mata waɗanda aka tsara don a ji kunya a madadinsa, ba don a yarda da su ba. Fassarar Faransanci tana zubar da wani ɓangare na wasa da kalmomi, amma tun da rabin dariyar a fuska da shiru take, asarar ba ta da yawa. Yawancin kashi ba ya wuce minti 22, saboda haka ba ya cin kuɗin intanet sosai, kuma wanda zango na farko ya gundure shi yana iya tsallakawa zuwa na biyu ba tare da ya rasa zaren labarin ba.