Tauraron Sadarwa: Mallaka Ko Haya?

Ƙasar da ke son tauraron ɗan'adam na sadarwa, ko ta mallaki nata, ko ta yi hayar gurbi a na kamfanoni irin su SES.

Najeriya ta zaɓi mallaka. A watan Mayun 2007 aka harba NigComSat-1 daga Xichang a ƙasar Sin, amma a Nuwamban 2008 faifansa na hasken rana ya samu matsala, wuta ta ɗauke masa, ya mutu. A nisan kilomita kusan 36,000 kuwa babu makanikin da zai je ya duba. Sai a Disamban 2011 magajinsa NigComSat-1R ya hau, da wa'adin shekara 15. Angola ma ta sha irin wannan: Angosat-1 ya lalace jim kaɗan bayan harba shi a 2017, madadinsa bai tashi ba sai 2022.

Mai haya ba ruwansa da wannan fargaba. Abin da yake buƙata kawai yake biya, in tauraro ya lalace kamfani ya sauya masa wani. Sai dai da dala ake biya duk shekara, kuma saƙonnin soja na bi ta hannun baƙo.

A ganina mallaka ta fi dacewa da ƙasa mai girman Najeriya, saboda tsaro da horar da injiniyoyi a tashar sarrafa tauraron da ke Abuja. Amma sai an samu masu sayen hidimar, domin tauraro yana cin man da ke riƙe shi a mazauninsa ko ana amfani da shi ko ba a yi.