Zanzibar: arewa ko gabas, kafin ka biya kuɗin otal

Mai shirin zuwa Zanzibar, tsibirin da ke ƙasar Tanzaniya, daga Kaduna ya fara zaɓar gaɓar da zai sauka kafin ya zaɓi otal, domin tekun ba halinsa ɗaya ba a ko'ina.

A gabas, wato Paje da Jambiani, ruwa yakan janye sau biyu a rana, ya bar farin yashi nesa, sai ka yi tafiya sosai kafin ya kai maka gwiwa. Lokacin ne matan ƙauyen ke fita duba ciyawar tekun da suke nomawa, ɗaure a igiyoyi tsakanin turaku. Abin kallo ne, amma wanda ya zo don wanka zai zauna jiran cikowa. Kada ka taka wurin babu takalmin roba: akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya, ƙayar kan karye cikin tafin ƙafa. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya ja da baya sosai, kusan kowane lokaci ana shiga. Otal ya fi tsada, jama'a sun fi yawa, amma mai iyali da yara can ya fi masa.

Cikin wuraren yawo, idan kwana ɗaya kake da shi, ka ba dajin Jozani. Jan birin da ke can ba a samunsa sai a Zanzibar, kuma akwai gadar katako cikin itatuwan fadamar gishiri. Tsibirin Changuu kusan rabin awa ne a jirgin ruwa daga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, kunkuransa manya ne, asalinsu kyauta daga Seshel a 1919. Yara suna jin daɗinsa, sai dai ba ya cin yini. Kallon kifi a kan murjani kusa da tsibirin Mnemba sai wanda ya iya iyo. Ka tashi da sassafe kafin jirage su taru, kuma ka ga rigar ceto da idonka kafin ka biya mai jirgi.

Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, Yuni zuwa Oktoba ne rani.

Biza ka nema tun kana gida, ɗan Najeriya ba ya samunta a filin jirgi. Ka riƙe katin allurar shawara, da inshorar dala 44 da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. Abincin halal da masallaci ba sai ka nema ba, yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne.