Gargaɗi ga masu hawa jirgin ruwan shaƙatawa daga Italiya: a kula da damfarar "otal kusa da tasha"

Jama'a, duk wanda ya biya kuɗin tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa na Bahar Rum, ko yake da ɗan uwa ko iyaye da ke shirin haka, don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya kama ɗakin kwana. Akwai 'yan damfara da suka mayar da hankali kan dare ɗaya tak, wato daren da matafiyi zai kwana a gari kafin safiyar da zai shiga jirgi. Sun san abin da ke zuciyar mai wannan tafiya. Ya kashe kuɗi masu yawa, ya sha wahalar biza, kuma ya san jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Idan ya tashi ba da kai ba, kai za ka bi shi zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunka, ko ka yi asarar tafiyar ɗungurungum. Wannan fargabar ita ce jarinsu.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne jirgin da aka rubuta zai tashi daga "Roma" ba daga Roma yake tashi ba. Tashar tana wani gari ne mai suna Civitavecchia, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da birnin, kusan nisan Kaduna zuwa Zariya. Jirgin ƙasa daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, yana cin kimanin sa'a guda kafin ya kai can. Babban filin jirgin saman Roma, wato Fiumicino, shi ma yana bakin teku, amma garinsa daban ne, kuma daga nan zuwa Civitavecchia tafiyar kusan sa'a ɗaya ce a mota. Maganar Venice ta fi wannan rikitarwa. Tun watan Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage, masu nauyin sama da tan 25,000, ratsa tsakiyar birnin. Wasu suka koma Marghera da ke kan tudu kusa da birnin, wasu kamfanonin kuma suka kai jiragensu Ravenna ko Trieste, kowanne kusan kilomita 150 daga Venice. Amma har yau za ka ga tallan ɗaki da aka rubuta "minti biyar zuwa tashar jiragen ruwa ta Venice", kuma mutum zai biya da murna alhali jirginsa yana Ravenna.

A wannan ruɗanin mazambatan suke shiga. Wani lokaci otal ɗin na gaske ne, nisan ne kawai aka yi ƙarya a kansa. Wani lokaci kuwa babu otal ɗin kwata-kwata. Suna ɗebo hotunan wani masauki mai kyau daga intanet, su buɗe shafi a Facebook ko Instagram, ko su gina shafin intanet da sunansa ya yi kama da na otal ɗin gaske, harafi ɗaya ko biyu kawai suka bambanta. Sai su biya kuɗin talla domin shafin nasu ya fito a sama idan an yi bincike a Google. Farashi ƙasa da na kowa, ga alkawarin mota kyauta har ƙofar jirgi, ga karin kumallo. Da ka nuna sha'awa sai a ja ka zuwa WhatsApp, a ce ɗaki ɗaya ya rage saboda jirage da yawa za su tashi ranar, ka tura kuɗi ta banki yanzu ko wani ya ɗauka. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A lokacin zafi, daga Mayu zuwa Oktoba, da gaske ɗakunan Civitavecchia suna cika domin garin ƙarami ne, shi ya sa ƙaryar take shiga kunne.

Kada wani ya ɗauka cewa manyan shafukan kama otal sun tsira daga wannan. A 2022 BBC ta ba da labarin wata mata a arewacin Landan da baƙi kusan 100 daga ƙasashe daban-daban suka riƙa ƙwanƙwasa mata ƙofa da akwatunansu cikin wata guda, saboda wani ya sa adireshin gidanta a Booking.com a matsayin masauki, da hotunan wani gida daban. Ku auna halin wanda haka ta faru da shi da dare a baƙon gari, ga iyali ga kaya, ga jirgi da safe.

Amma wadda ta fi ba ni tsoro, kuma wadda na rubuta wannan domin ta, ita ce wadda ke kama mutumin da ya yi komai daidai. Ya shiga sanannen shafi, ya zaɓi otal na gaske, ya samu takardar tabbaci. Bayan kwanaki sai saƙo ya shigo masa a cikin manhajar kanta, a wurin da yake hira da otal ɗin, ko ta WhatsApp ɗauke da cikakken sunansa, ranar isowarsa, lambar ajiyar ɗakinsa da ainihin kuɗin da zai biya. Saƙon yana cewa an samu matsala da katinsa, ya latsa wani adireshi ya sake tabbatar da shi cikin sa'o'i 24 ko 12, in ba haka ba za a soke ɗakin. Shafin da zai buɗe ya yi kama da na kamfanin sak, launi da tambari duk iri ɗaya. Ya sa lambar kati, ya sa lambobi ukun nan na baya, banki ya turo masa lambar tabbatarwa ya sa ita ma. Shi ke nan an kwashe.

Yadda suke samun bayanan nan shi ne ta hannun otal ɗin. Ɗan damfara yana aika wa ma'aikacin karɓar baƙi saƙo kamar shi baƙo ne, ya ce ya manta fasfo a ɗaki ga hotonsa, ko yana da ƙorafi ga takarda. Ma'aikaci ya latsa, wata muguwar manhaja ta sauka a kwamfutar otal ta sace kalmar sirrin da suke shiga shafin kama ɗaki da ita. Daga nan ɓarawo ya ga jerin duk baƙin da ke tafe, kuma yana iya rubuta musu da sunan otal. Masu binciken tsaron intanet sun yi ta bayyana wannan salo tun 2023, kuma a Maris ɗin 2025 kamfanin Microsoft ya fitar da rahoto kan wasu gungu da ke aika wa ma'aikatan otal saƙonnin bogi da sunan Booking.com. Kamfanin na Booking.com ya ce asusun otal-otal ɗin ake kutsawa, tsarinsa ba a fasa shi ba. A Birtaniya kaɗai, cibiyar karɓar rahoton zamba ta wancan lokaci, Action Fraud, ta ce ta samu ƙorafi 532 tsakanin Yunin 2023 da Satumban 2024, da asarar fam 370,000. Waɗanda suka kai ƙara ke nan a ƙasa ɗaya.

Mai tafiya hutu na yau da kullum idan aka ce za a soke masa ɗaki zai iya cewa a soke, ya nemi wani. Mai jirgin ruwa ba ya da wannan sukuni a ransa, musamman idan saƙon ya same shi yana filin jirgin sama ko ana jibi tafiya. Shi ya sa nake roƙonku, duk saƙon da ya ce ku sake sa bayanan kati ta wani adireshi, ko daga ina ya fito, kada ku latsa. Ku rufe shi. Ku nemo lambar wayar otal ɗin daga takardar tabbacin farko da aka ba ku, ku kira ku tambaya da baki. Lambar ƙasar Italiya +39 ce, wayoyin ofis na Civitavecchia suna farawa da 0766, na Roma kuma da 06. Kada ku kira lambar da ke cikin saƙon da kuke zargi, domin ɓarawon ne zai ɗauka ya ce muku komai gaskiya ne. Za a iya kiran sashen kula da abokan hulɗa na shafin da kuka kama ɗakin ta cikin manhajar ma.

Kafin ma a kai ga biya, takardar kamfanin jirgin ita ce madogara. A cikinta ake rubuta ainihin sunan tashar da lokacin da za a rufe karɓar fasinja, wanda yakan riga lokacin tashi da sa'a ɗaya zuwa biyu. Ku ɗauki sunan tashar nan ku sa a taswirar Google tare da adireshin otal ɗin, ku ga nisan da idonku, ku duba hoton titin ku ga ko akwai allon otal a ginin. A Civitavecchia wurin da ya kamata ku auna da shi shi ne Largo della Pace, inda motocin tashar ke ɗaukar fasinja kyauta zuwa gindin jirgi. Wanda ya ce sai kun tura masa kuɗin "izinin shiga tasha" tun kuna gida, ƙarya yake yi. Tikitin jirginku da fasfo su ne izininku.

Italiya ta kuma samar da wata hanya da mutanenmu da yawa ba su san da ita ba. Daga farkon 2025 doka ta wajabta wa kowane otal da kowane gidan saukar baƙi ya mallaki lambar shaida ta ƙasa da ake kira CIN, wadda ke farawa da haruffan IT, kuma dole ya nuna ta a tallansa da jikin gininsa. Ma'aikatar yawon buɗe ido tana da rumbun bayanai a intanet inda kowa zai iya duba lambar. Tallan da babu CIN ku bar shi. Wanda yake da ita kuma ku duba ko suna da adireshin da rumbun ya nuna sun dace da na tallan, domin ɓarawon da ya saci hoto zai iya satar lamba.

Wajen biya, kati ya fi tura kuɗi ta banki nesa ba kusa ba. Idan aka cuce ka ta kati kana da damar shigar da ƙorafi a bankinka a nemo kuɗin, galibi cikin kimanin kwana 120. Kuɗin da ka tura da hannunka zuwa asusu, ko ta Western Union, ko ta kuɗin kirifto, da wuya su dawo. Idan ƙaramin masauki ya nemi kafin alƙalami ta banki, wanda wasu na gaskiya kan yi, ku duba lambar asusun. Ta Italiya tana farawa da IT. Idan ta fara da haruffan wata ƙasa, kuma sunan mai asusun na wani mutum ne da bai da alaƙa da sunan otal, ku dakata har sai kun yi magana da otal ɗin ta waya. Harajin kwana da garuruwan Italiya ke karɓa shi ma gaskiya ne, amma 'yan Yuro kaɗan ne a kan kowane mutum kowane dare, kuma yawanci a otal ake biya. Haka nan za a nemi fasfo idan kun isa, domin doka ta ce a sanar da 'yan sanda sunan kowane baƙo. Wannan bai zama dalilin tura hoton fasfo ga wata baƙuwar lamba a WhatsApp ba.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu a gida, kuma dole a faɗe shi. Yawancin masu irin wannan tafiya daga Najeriya ko Nijar ta hannun ejan suke bi, shi zai haɗa tikiti da otal da takardun biza. Akwai ejan-ejan na kirki masu riƙon amana. Akwai kuma waɗanda za su karɓi cikakken kuɗin otal, su kama ɗakin da ake iya sokewa kyauta, su buga maka takardar ka kai ofishin jakadanci, da biza ta fito su soke ɗakin su riƙe kuɗin. Wasu ma takardar kanta a kwamfuta suke ƙirƙira ta. Idan ofishin jakadanci ya kira otal ya ji babu sunanka, an hana ka biza, Yuro 90 na kuɗin neman bizar Schengen, wadda ake shiga Italiya da ita, sun tafi, kuma sunanka ne ya ɓaci a wajensu, ejan yana gefe. Idan kuma ba a gano ba, sai ka isa otal da dare a ce maka an soke ɗakin tun makonni da suka wuce. Don haka ko wa ya kama maka ɗaki, ko ɗan unguwarku ne, karɓi lambar ajiyar ka rubuta wa otal ɗin da kanka ta imel ɗin da ke shafinsu, ka tambayi abu biyu: ɗakin yana nan da sunana, kuma an biya ko ba a biya ba? Ka sake tambaya ana saura mako guda, sannan ana jibi tafiya. Ejan mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Masu aika iyaye wannan tafiya, ku ne za ku yi musu wannan aikin, ku kuma gaya musu kada su amsa kowane saƙon kuɗi sai sun nuna muku.

Wanda kuma ya riga ya latsa ya sa bayanansa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa nan take a rufe katin, ko ya rufe shi da kansa ta manhajar banki, ya sauya kalmar sirrin asusunsa da ta imel. Ya ɗauki hoton duk saƙonnin da adireshin shafin kafin a goge su. Ya sanar da otal ɗin domin su gane an shiga asusunsu su gargaɗi sauran baƙi, ya kuma sanar da shafin da ya kama ɗakin. Idan yana Italiya, sashen 'yan sanda da ke kula da laifukan intanet shi ne Polizia Postale, lambar gaggawa kuma 112. Idan ejan na gida ne ya ci kuɗin, a Najeriya ana kai ƙara EFCC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, tare da rasit da shaidar tura kuɗi. Idan an isa an tarar babu ɗaki a Civitavecchia, a nemi masauki a Roma kusa da tashar Termini ko ta San Pietro, a kamo jirgin ƙasa na sassafe, kuɗinsa bai kai Yuro 10 ba, kuma yana isa tun kafin a fara karɓar fasinja.